Tiyo Mai Ruwan Ɗorawa

Ranar da Leunis, mijin yayata, ya shigo mini ɗakin gyara da katin shaidar iya nutso a hannu, sai da na ajiye sifana na nemi kujera. Shekararsa sittin da uku. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a kan doguwar gadar teku ta yankinmu na Zeeland, bai taɓa yarda ya leƙa ruwan da ke ƙarƙashinta ba, shi ne yau yake kaɗa mini kati a fuska.

Na ce, "Ba ka suka yi, ko tsinta ka yi a hanya?"

"Ke dai ba kya rabo da baƙar magana, Jacomien. Wata biyar ina shan ruwan tafkin koyo. Ungo, bolus na kawo miki."

Ya dire mini ledar burodin nan namu mai kirfa da sukari. Na dube shi da kyau. Mu mutanen Zeeland an san mu da maƙo, amma Leunis ko a cikinmu malami ne. In ya sayi abu da kuɗinsa ya kawo maka, to akwai magana.

Maganar kuwa na san ta. Ni da Yaya Tanneke shekara ashirin da takwas muka yi muna nutso tare. A kulob ɗinmu ba a shiga ruwa mutum ɗaya. Kowa da abokin nutsonsa, wanda zai duba masa kaya a bakin ruwa, ya kuma ba shi iska a can ƙasa in tasa ta yanke. Bara likita ya saurari zuciyata ya ce na gama. Na yi kuka, na yi masifa, na dawo nan ina gyara wa mutane na'urar numfashi. Ita kuwa Yaya ƙememe ta ƙi kowa. Mutum uku aka haɗa ta da su, duk ta fatattake su. Ta daina zuwa kulob, ta koma zaman bakin taga, ko dariyarta ba a ji. Yanzu ma cewa ta yi ranar Asabar, a kasuwar tsofaffin kaya ta kulob, za ta sayar da kayan nutsonta kakaf. Abin ya hana ni sukuni, don na san in kayan nan suka fita daga gidan, ba za ta sake komawa ruwa ba har abada.

"Ka nuna mata katin?" na tambaye shi.

"Na nuna. Cewa ta yi ita abokin nutso ta rasa, ba ɗan raino ba." Ya murza hularsa. "Ta ce in abu ya faru a ƙasa, ni kaina kawai zan sani."

"To, ƙarya ta yi?"

"Ban sani ba, ƙanwata. Amma dai ki haɗa ni da na'ura tawa ta kaina. Ta kulob da nake ara, duk bakin duniya ya tauna ta. Yuro ɗari huɗu gare ni, ko sisi ba ƙari, karatun ya cinye sauran. Na ga wata ma a intanet, ɗari da tamanin kacal."

Ya miƙo mini waya. Kallo ɗaya na yi mata na mayar masa.

"Haba, Leunis! Wannan ai ta masu zuwa hutu ce, masu wanka a tekun ɗumi. Ruwanmu a watan Maris ka san shi. Ka shiga da wannan, ƙanƙara ta kama ta, ta buɗe baki ta zubar maka da iska duka cikin minti biyu. Sai in ce wa Yaya me? Mijinki ya samu rangwame?"

Ya yi dariyar yaƙe ya sa wayar a aljihu.

Na jawo akwatin da ke ƙarƙashin tebur. Akwai wata na'ura da wani ɗan kulob ya bar mini in sayar masa da zai ƙaura. Ta sha aiki amma mai kyau ce, ta ruwan sanyi, ni na kwance ta da hannuna na sake mata robobi. Na shimfiɗa masa ita a kan tebur, na bi da shi daki-daki kamar ban san an koya masa ba. Ga kan da ake ɗaurawa a tukunyar iska. Ga baƙin tiyo, ga abin bakin da ke ƙarshensa, wanda mutum yake cizawa ya zuƙi iska. Abu ɗaya ne babu, abin baki na biyu, na ko-ta-kwana, wanda ake sawa a dogon tiyo mai ruwan ɗorawa a maƙale a ƙirji.

"Shi sai mun sayi sabo," na ce. "Ga wani nan mai araha. Ba ya daskarewa, ba ya cin amana, na tsaya masa. Tauri ne kawai da shi, sai ka ɗan ja kafin ya ba ka. Duka biyun kuɗinka zai kai, har ka samu canjin kofi."

Na ɗaura masa su a tukunya na buɗe iska. Ya ciji na farko, ya zuƙa, ya lumshe ido. Iskar tana zuwa da kanta, ba ja ba wahala. Ya cire ya ciji mai arahar. Ya zuƙa sau uku, jijiyar wuyansa ta ɗan tashi.

"Kai! Wannan ai kamar shan kunu mai kauri ta tsinke."

"Ba komai. Haka kowa yake yi. Mai kyau a bakinka, mai araha a ƙirji. Sai ka yi shekara goma ba ka taɓa shi ba."

Ya tsaya yana jujjuya shi a hannu. Leunis ba ya saurin magana, fasinjojinsa ma sun san shi da haka.

"In an taɓa shi fa, bakin wa zai shiga?"

"Bakin abokin nutsonka mana. Me suka koya maka wata biyar?"

"Wato Tanneke."

"In ta yarda da kai."

"Kuma lokacin da za ta nema, iskarta ta riga ta yanke. Tana cikin tsoro, ƙirjinta babu komai." Ya ajiye shi a hankali. "Sannan in miƙa mata wannan, in ce ta ja?"

Shekara nawa ina haɗa wa sababbi kaya, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Ni kaina da na yi nutso ya fi sau dubu, mai arahar nake rataya wa yayata a ƙirjina, ita ma haka, ba wadda ta taɓa kawo komai a ranta.

"Ki juya su," ya ce. "Mai laushin ki sa a tiyo mai ruwan ɗorawa. Ni ki ba ni mai taurin."

"Kai, ka san abin da kake faɗa? Sabon shiga ne kai, iska kake sha kamar injin ban ruwa. Awa guda kana jan wannan, muƙamuƙinka sai ya gaya maka."

"Zai kashe ni?"

"A'a."

"To juya."

Na yi mita, na kira shi mai taurin kai, na ɗauki sifana na juya. Ya ce kada in gaya mata. Na ce ni ba 'yar aikensa ba ce, amma na riƙe masa sirrin.

Ba a buƙatar in faɗa. Yaya Tanneke tana da wata ɗabi'a da duk kulob ya sani: ba na'urar da za ta shiga ruwa a jikin wani nata sai ta zuƙe ta da bakinta. Ranar Juma'a da hantsi ta zo kawo kayanta don in sa musu farashi. Ta jibge jakar a ƙasa, ta ga Leunis a kan benci yana shan kofi, ta ga na'urar ɗaure a tukunya.

"Tasa ce?"

"Tasa ce, Yaya."

"Da wa zai shiga?"

"Malaminsu ya ce zai riƙa ɗaukarsa in ya samu sarari."

Ta yi tsaki. "Buɗe mini iska. Ko ba ni zan shiga da shi ba, ba na son a kawo mini shi a kwance."

Ta fara da na baƙin tiyo, wanda zai zauna a bakinsa. Ta zuƙa, ta yamutsa fuska, ta cire ta juyo kaina.

"Jacomien! Wannan kika ba mijina? Ke da kike da hannu a kan abin nan? Ko don kin ga ba ya magana?"

"Ki gwada ɗayan tukuna."

"In na bakinsa haka yake, na ƙirjin kuma sai yaya? Toshe?"

Ta fizgo tiyo mai ruwan ɗorawa ta ciza a fusace. Ta zuƙa sau ɗaya. Ta sake zuƙa, a hankali wannan karon. Ta cire shi ta duba, ta duba ɗayan. Ba wanda ya kai ta sanin kayan nan a garinmu, ba ta buƙatar bayani.

"Kuskure kika yi wajen haɗawa?" ta tambaye ni, muryarta ta sauka.

"Na taɓa yi?"

Ta juya wajen Leunis. Shi kuwa ya kafa wa kofinsa ido kamar an rubuta masa wani abu a ciki, kunnuwansa sun yi ja.

"Kai ka sa ta?"

"Ai ni ina da lokacin ja," ya ce. "Ke ce ba za ki samu ba."

Yaya ta tsaya riƙe da abin a hannu. Na ga haɓarta tana motsi. Rabon da in ga hawayenta tun ranar da muka binne mahaifiyarmu. Ta goge da bayan hannu, ta ja hanci.

"Sakarai kawai," ta ce. "Tsohon banza. Ka san za ka sha wuya a ƙasa da wannan?"

"An gaya mini."

"Kuma ba za ka wuce mita takwas ba sai na ce. Kuma in na ɗaga yatsa sama, sama za mu, ba gardama."

"To, ranki ya daɗe."

Ta maƙala masa tiyon a jikin rigar nutsonsa da ke rataye, daidai inda hannunta zai kai. Sannan ta sunkuya ta zuge jakar da ta kawo sayarwa, ta zaro tata na'urar ta ɗora mini a tebur.

"Ki juya mini nawa ni ma. Gobe ƙarfe nawa ruwa zai daina gudu a gindin gada, mu shiga?"

Na duba takardar lokutan cikowa da janyewar teku da ke bango. "Goma da kwata."

"Ki cika mana tukunya biyu."

Mana. Shekara ashirin da takwas in ta faɗi haka ni da ita take nufi. Ba zan ɓoye ba, ya soke ni, kuma ban taɓa jin daɗin wani ciwo kamar wannan ba. Na ja tukwanen zuwa ɗakin baya na kunna injin cika iska. Ƙararsa ta cika ko'ina, na zauna a kan akwati na yi kukana son raina, su kuwa suna can tana yi masa faɗa a kan yadda ya naɗe tiyo.