Emrys Ya Janye Ƙara

A kan tsaunin da Emrys Pugh ke kiwo, tumakin kowa a cakuɗe suke, tsagar kunne ce ke nuna na wane da na wane. Rannan sai ga tumaki tara na maƙwabcinsa Idwal a garkensa, da sabuwar tsaga irin ta gidansa. Emrys ya rantse bai san hawa ba bai san sauka ba, amma ƙaramar kotu ta ce shi ne ɓarawon, ta yi masa ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka. Mutumin da ko igiyar wani bai taɓa ɗauka ba! Ya ɗaukaka ƙara don a wanke sunansa.

Sai zaman sauraron ƙarar ya faɗo daidai lokacin haihuwar tumaki. A barandar kotu lauyarsa ta ja shi gefe.

"Mista Pugh, ba zan yi maka rufa-rufa ba. Ba mu da sabuwar shaida. In muka faɗi, alƙalin nan yana iya tura ka gidan yari na gaske."

"A kan abin da ban yi ba?"

"Ko a kan shi."

Matarsa Nesta ta riƙo hannun rigarsa. "Emrys, tumaki ɗari uku da ciki, ni ga ciwon baya. Wa zai karɓi haihuwarsu? Sunan naka ne zai tashi ya ba su ciyawa?"

Maganar ta yi masa ɗaci, don gaskiya ce. Ya shiga ya ce ya janye ƙarar, alƙali ya tambaye shi ko da son ransa ya janye. Ya ce e. Bai taɓa yin ƙarya a kotu ba sai ranar. Aka rufe magana, hukuncin farko ya zauna daram.

Idwal na bakin ƙofa yana gyara hula. "Madalla, maƙwabci. Ai amsa laifi ba kasawa ba ce."

Emrys ya haɗiye ya wuce. Duniya ta ce abin da ta ga dama, shi dai a cikin gidansa an san ko shi wane ne. Da wannan ya lallashi zuciyarsa har suka hau hanya.

Sun kusa gida Nesta ta dafa gwiwarsa, murya a sanyaye.

"To, komai ya wuce, babu mai jin mu. Don Allah, Emrys, me ya kai ka? Tumakinmu ba su ishe mu ba?"