Kiɗan da Ya Ɓace wa Baba Majigi

"Ba shi ba ne," in ji Baba Majigi. "Cire, 'yata. Cire kafin ya ɓata mini rai."

Mai Ɗinki ta ɗaga allurar garmahon a hankali, kiɗan ya yanke. Faifai na goma sha ɗaya ke nan tun safe. Ta riƙo shi ta gefe-gefe da tafin hannu biyu, don in yatsa ya taɓa tsakiyarsa tsohon sai ya wuni yana mita, ta zura shi cikin kwalinsa.

"Baba, kai ka ce da sarewa a ciki. Wannan ma ai sarewa ce."

"Sarewa ce, amma mai rawar kai. Tawa ba ta gaggawa."

Maganar na fitowa da ƙyar ta gefen baki ɗaya. Mako uku ke nan da ya faɗi a bakin famfo, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun da aka sallamo shi daga asibiti yake zaune a kujerarsa mai hannu, an tokare shi da matasai biyu, yana fuskantar kantocin da suka cinye bango uku na ɗakin.

Shekara tara suna maƙwabtaka, bango ɗaya ne tsakaninsu, shi ma ba mai kauri ba. Farkon tarewarta a gidan, kiɗan nan ya ishe ta. Ba waƙa ba ce da mutum zai bi, goge ne da piyano da ƙaho, su tashi kamar za a yi yaƙi, su kwanta kamar an yi rasuwa. Rannan ta ɗauki ƙotar almakashi ta ƙwanƙwasa bangon. Ba a jima ba sai ga dattijo a bakin ƙofarta, da tabarau a goshi, yana ba ta haƙuri. Da zai juya ya ce, "Amma fa kekenki ya fi makaɗan nan riƙe lokaci." Dariya ta ƙwace mata, faɗan bai yiwu ba.

A hankali ta san shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin majigin wata silima, wadda yanzu ta koma rumbun ajiye katifu. Yakan ce bai taɓa kallon fim yadda ya kamata ba, ido ɗaya na kan zaren fim kada ya tsinke, ɗayan na leƙe ta 'yar taga. Amma sauti kam yana hawowa sama gaba ɗayansa. "Mutane sun zo kallo," yakan ce, "ni aka bar wa saurare." Daga nan ya fara tara fayafayan kiɗan fina-finai, daga kasuwar tsofaffin kaya, daga hannun matafiya, daga gidajen da magada ba su san darajar abin da aka bar musu ba. Ba da suna yake jera su ba. Akwai kantar gudu da kora, akwai ta ruwan sama, akwai ta ban kwana, wadda ta fi kowacce cika. A bayan kowane kwali ya yi rubutu da fensir: "Minti na huɗu, saurari gogen baya." Ko kuma: "Fim ɗin banza, kiɗan kirki."

Labule ya ɗaga, 'yarsa ta shigo da kofin magani. Malamar makaranta ce a wani gari mai nisa, ta baro aji da 'ya'ya ta zo jinya. Ta dubi fayafayan da ke baje a tabarma, ta sauke numfashi.

"Baba, likita ya ce hutu. Wannan ba hutu ba ne. Yaya, ke ma kina biye masa."

"Uwata, bar ta. Ni na sa ta."

"Lahadi dai za mu tafi. Motar ƙarama ce, na gaya maka. Mu zaɓi guda goma."

"Goma," ya ce, yana kallon bango. "Cikin 'ya'yanki wanne za ki bari a tasha?"

Malama ta ba shi maganin. Mai Ɗinki ta dubi fuskarta, ta san ba taurin zuciya ba ne, gajiya ce da tsoro.

Da Malama ta fita wanke kwanuka, Mai Ɗinki ta matso kusa. "Baba, ka gaya mini gaskiya. Me muke nema? Kwana huɗu ina sa faifai ina cirewa kamar mai tuya."

Sai ya ba ta labarin, yana tsayawa yana haɗiyar yawu. Wani fim ne aka kawo musu tun yana sabon ango. Ya zo a gwangwani ba suna, an yanke farkonsa, kwana biyu kawai aka nuna shi aka mayar. A rana ta biyun matarsa ta hawo masa da abinci, ta tsaya a 'yar tagar nan daidai wurin da wata mata ke shanya a tsakar gida, sarewa na bin ta. Ko minti biyu bai kai ba. Amma matar tasa ta sauko da kiɗan a bakinta, ta yi shekara ashirin da shida tana rera shi, a wanki, a shara, a goyo. Duk faifan da ya saya, da fatan samun wannan ya saya. Bai samu ba. Da ta rasu sai ya ci gaba da rerawa da kansa.

"To tun da na faɗi," ya ce, ya taɓa gefen kansa da hannun da ke aiki, "ya tafi. Fuskarta na nan. Tafiyarta na nan. Kiɗan ne babu. Na ce ko wani faifan zai yi kama da shi ya taso mini da shi."

"Zai dawo, Baba."

"Kar ki yi mini maganar likitoci."

Ta koma ɗakinta. Ta san yana yawan rera kiɗa ta hanci a bayan bango, amma mutumin da ke da kiɗa ɗari huɗu a ɗaki, wa zai san wanne ne nasa?

Ran Alhamis da rana aiki ya sha mata kai. Rigunan makaranta takwas aka kawo, ana so washegari. Ta zauna a kan keken, ƙafa na tafiya, yadi na zubowa ta baya, hankalinta na can wani wuri. Sai ta ji ana dukan bango. Ba ƙwanƙwasawa ba, duka. Kafin ta miƙe Malama ta faɗo ɗakin ko sallama babu.

"Yaya, zo! Yana ta buga sanda, ya ƙi gaya mini komai."

Ta same shi ya karkato daga kujera, matashi ɗaya ya faɗi ƙasa, idanunsa a buɗe tar.

"Me kike rerawa?"

"Ni? Ban rera komai ba, Baba. Ɗinki nake."

"Kin rera! Sake."

Ta tsaya tsakiyar ɗaki kamar ɗalibar da aka tsayar gaban allo. Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Ta gwada wani abu, ya girgiza kai. Ta gwada wani, ya rufe ido don takaici. Kunya ta kama ta, ta ji kamar ta yi masa alkawari ta saɓa.

"Wallahi ban san ina yi ba. In na sani ai da na riƙe."

Malama ta dube ta, ta dubi ubanta. Sai ta tuɓe mayafinta ta ɗaure a ƙugu. "Taso mu ɗauko keken."

Keken ƙarfe ne na da, mai nauyin jaki. Suka jawo shi ta baranda yana kuka, matar mai gida ta leƙo tana tambaya ko tashi ake yi. Suka ajiye shi gefen taga. Mai Ɗinki ta zauna, ta sa hannun riga ƙarƙashin allura, Malama ta ce, "Kar ki kalle shi. Yi aikinki kawai."

Ta fara takawa. Hannu ɗaya ya ƙare, ta juya, ta kama kafaɗa. Ba ta san lokacin da ya zo ba. Daga can cikin hanci ya taso, siriri, yana hawa mataki uku, ya tsaya kamar mai jiran wani, sannan ya gangaro. Shekara tara yana ratso bango yana shiga mata kai ba da izininta ba.

Malama ce ta fara yin sauti. Ta zauna daɓas a bakin gado, ta toshe baki da hannu. "Mama ce," ta ce. "Wannan ai Mama ce in tana tsefe mini kai."

Baba Majigi bai yi kuka ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya yana kaɗa shi a iska, sama, ƙasa. Da ta kai ƙarshe ya ce, "Kin yi sauri a gangarowar."

"To, Baba."

"Kuma ba nan ake numfashi ba."

"Baba, kyauta ka samu, har da zaɓe?"

Gefen bakinsa mai aiki ya ɗaga. Ya gwada bin ta, iska kawai ta fito, amma bai damu ba. "Na zaga kasuwanni," ya ce, "ashe faifan na bayan bango yana ɗinke wa yara wando."

Rigunan nan takwas a ɗakinsa aka gama su. Malama ta ɗauki kiɗan a wayarta, da ƙarar keken da komai, ya ce ta bar ƙarar, ita ce gangar. Ran Juma'a bai nemi a sa masa faifai ko ɗaya ba. Ya sha kunun da aka ba shi har ya shanye, ya bari aka yanke masa farce. Har ya ce wa 'yarsa, in goma ne to goma, ta ɗauko daga kantar ruwan sama, yara za su fi son su.

Ran Asabar da hantsi Mai Ɗinki ta shigo da tsintsiya. Malama na tsugune tana ninke kayansa cikin akwati, tana yi masa lissafin inda za su tsaya a hanya. Yana kujerarsa, rana ta sauka a gwiwoyinsa, kansa ya ɗan karkata wajen taga. Mai Ɗinki ta gaishe shi. Ta sake gaishe shi. Sai ta jingine tsintsiyar, ta je ta taɓa bayan hannunsa.

"Malama," ta ce a hankali. "Bar kayan nan."

Malama ta juyo da rigarsa a hannu. Ta dubi fuskar Mai Ɗinki, ba ta tambayi komai ba. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce, ta rarrafo ta ɗora goshinta a kan gwiwarsa. Mai Ɗinki ta zare masa tabarau, ta ninke, ta rasa inda za ta ajiye, ta riƙe a hannu har maza suka shigo.

Bayan mako guda Malama ta kira motar ɗaukar kaya. Ba goma ta ɗauka ba. Kwali ashirin da uku suka cika, ita da Mai Ɗinki, kanta bayan kanta, ba su gauraya ta gudu da ta ban kwana ba. Malama na karanta rubutun fensir ɗin da ƙarfi, wani su yi dariya, wani su yi shiru.

"Ina za ki sa su?"

"Ɗakin baƙi. Baƙin su kwana a falo." Ta goge ido da bakin mayafi. "Yaya, ki riƙe guda mana."

"Ba ni da abin kunnawa. Ki kai su tare, kada a raba su."

Suka rungumi juna a bakin ƙofa, direba na danna oda. Motar ta fita daga layin a hankali saboda ramuka, kujerar mai hannu ɗaure a sama, ƙafafunta na kallon sama.

Mai gida ya ce gobe masu fenti za su zo, don haka Mai Ɗinki ta koma ta share ɗakin. Ya yi girma, takunta na amsawa. Ta fara daga lungu ta nufo taga. A nan, a jikin ledar ƙasa, ta ga ramuka huɗu masu zurfi inda ƙafafun kujerarsa suka zauna shekara da shekaru. Gefensu kaɗan akwai wasu huɗu ƙanana, na kujerar katakon da take jawowa in ta shigo gaishe shi. Ba ta taɓa zaton ta zauna har haka ba.

Ta tsuguna, ta sa bakin tsintsiya ta fitar da ƙurar da ke cikinsu, ɗaya bayan ɗaya, har takwas.