Godiya Arba'in da Ɗaya

Kwana tara da rasuwar matarsa Mashkura, Musaddiq ya koma ofis, ba don aiki na jiran sa ba, sai don gidan ya yi masa faɗi. Malamin gona ne a sakatariyar Dutse. A shekarar nan ta 2007, lokacin da yawancin abokan aikinsa ke tsoron taɓa kwamfuta, shi har shafi gare shi a intanet, yana rubutu kan tsutsar gero da ciwon hantar shanu. Masu karantawa dai ba su taka kara sun karya ba. Shi ya sa bara ya ɗaura wa shafin wata dabara: duk wanda ya bar sharhi, nan take na'ura za ta aika masa godiya ta imel da sunan Musaddiq, ko ya ji daɗi ya sake leƙowa.

Ranar sadakar uku ya sa layi biyu a shafin, cewa matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, a yi musu addu'a. Yau da ya buɗe, ya tarar da sharhi arba'in da ɗaya, a shafin da ko biyar bai taɓa samu ba. Mutane ke nan, sai an yi mutuwa suke gane hanya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, Allah ya ji ƙanta, Allah ya ba da haƙuri, bai ji komai ba, kamar mai karanta lambar motoci a bakin titi. Na talatin da shida ne ya tsayar da shi: "Allah ya gafarta mata. Idirisu, Kiyawa."

Yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara huɗu ba sa ga maciji, tun ranar da Idirisu ya sa aka sare ɗorawar da mahaifinsu ya dasa a gonarsu ta Aujara, bai shawarci kowa ba. Musaddiq ya gaya masa maganar da ba a gaya wa babba. Idirisu ya rantse ba zai ƙara taka gidansa ba sai an kira shi, Musaddiq ya ce to, ya yi ta jira. Ko ranar jana'iza, sahu kawai Idirisu ya bi, daga maƙabarta ya hau babur ɗinsa ya wuce. Taurin kai a gidansu gado ne.

Musaddiq ya kashe kwamfutar ya tafi gida. Ko kaɗan dabarar nan ba ta faɗo masa a rai ba.

Bayan la'asar yana zaune kan tabarma a ƙofar gida, sai ga babur ya tsaya. Idirisu ne, ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Ya yi sallama, ya tsuguna a gefen tabarmar da takalminsa a ƙafa, suka gaisa sama-sama. Can ya zaro takarda daga aljihu, an ninke ta huɗu, har ta yi laushi.

"Takardarka ta same ni," in ji shi. "A shagon intanet na sa aka buga mini. Kwana biyar ina yawo da ita."

Musaddiq ya karɓa ya karanta. "Assalamu alaikum. Na ga saƙonka, na gode ƙwarai. Kada wannan zuwan ya zama na ƙarshe. Gida naka ne, ka dawo duk ranar da ka so. Ɗan'uwanka, Musaddiq."

Nan ya gane. Wannan takarda mutum arba'in da ɗaya ta je wa, har da wani ɗalibi a Sudan da bai taɓa gani ba. In ya faɗa, Yaya zai hau babur, kuma wannan karon ba dawowa. In ya yi shiru, a kan ƙarya za su shirya. Ya laluba zuciyarsa ya ji wanne ya fi so, bai tarar da komai ba.

Abu ɗaya ya tuna. Saƙon godiyar da ya fara tsarawa bara shi ne, "An gode da sharhi, a sake ziyarta." Mashkura tana tankaɗe ta leƙo takardar, ta ce, "Haba Malam, sai ka ce takardar sallama daga asibiti! Haka ake yi wa baƙo magana? Kawo biron." Da gari a hannunta ta rubuta.

"Yaya," ya ce, "ba ni na aiko ba. Na'ura ce, duk wanda ya yi ta'aziyya a shafin ta aika masa. Ku arba'in da ɗaya ne."

Idirisu ya dafa gwiwa zai miƙe.

"Kalmomin kuma na Mashkura ne. Tun bara ta rubuta su."

Idirisu ya tsaya a haka, rabi tsaye rabi tsugune. Ya miƙo hannu ya karɓi takardar, ya daɗe yana kallon ta.

"A cikin arba'in da ɗayan nan, mutum nawa suka zo?"

"Kai kaɗai."

"To, ni ta kira."

Ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya tuɓe takalminsa. Musaddiq ya matsa masa a kan tabarmar.