Ƙafar Akawal

Dawaki tara ne a bargar Maccido, can bayan Illela kan hanyar Darna Sabon Gari, kuma babu ko ɗaya nasa. Kiwo yake yi wa masu su. Biyar daga ciki na Alhaji Sharafaddeen ne, dillalin albasa, mutumin da in ya tsuke fuska sai kowa ya shiga taitayinsa. Ranar da ya kwashe dawakinsa, barga ta mutu ke nan, Maccido kuwa ya fi kowa sanin haka.

Mai gyara musu kofato shi ne Yari, wani tsoho daga Tozai, shekara goma sha tara yana zuwa bargar nan. Shi ba ya sa wuƙa sai an ja masa doki ya ga takunsa a ƙasa mai tauri, sannan ya dafa kowane kofato da tafin hannu. Maccido ya riƙe igiya, Yari ya duƙa, ba sai sun yi magana ba. Wallahi aikinsu tare abin sha'awa ne.

Ana saura kwana shida sukuwa a Ƙonni, Yari ya dafa ƙafar gaba ta Akawal, baƙin dokin da Alhaji ke ji da shi, sai ya daɗe bai ɗaga hannu ba. Ya fere kaɗan ta ƙasa, mugunya ta tsarto.

"Maccido, yaushe rabonka da sake yashin wurin wanga doki?"

Tun farkon damina Maccido ke cewa gobe zai sake, dokin na tsaye cikin laka da fitsari.

"Na buɗe mashi hanya," in ji Yari. "Ruwan ɗumi da gishiri safe da yamma, a bar ramin buɗe. Sati uku kar kowa shi hau shi. Ka gaya ma Alhaji yau."

"Zan gaya mashi, Baba Yari."

Bai gaya masa ba. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, don Alhaji zai tambayi dalili, dalilin kuwa shi ne. Sai ya narka kwalta ya cike ramin, ya shafe kofato da baƙin mai har yana ƙyalli, ranar sukuwa kuma ya danna wa dokin allurar kashe zafi. Ka ji dabarar banza.

Akawal ya yi zagaye ɗaya da rabi, ya kife. A bayan mota aka dawo da shi, kofato ya tsage, ƙafa ta kumbura har gwiwa.

Alhaji ya zo barga da mutanensa, ya aika aka kira Yari.

"Wa ya taɓa ƙafar dokina?"

Maccido bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ranka shi daɗe, Baba Yari ne. Wuƙarshi ta zarce ta ci nama. Idonshi ya fara tafiya, na daɗe ina rufa mashi asiri."

Yari ya juyo ya dube shi. "Maccido, mi na gaya maka ranar Lahadi?"

"Ba ka gaya mani komai ba."

Alhaji ya zage tsohon tas, zagin da bai kamata a yi wa mai furfura ba. Wani cikin mutanensa ya sa ƙafa ya shure jakar kayan aikin, wuƙaƙe da zarto suka watse cikin kashin doki. Yari ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kama masa. Kafin sati ya zagayo, ko mai jaki ba ya kiransa a Illela.

Akawal kuwa ya kwanta, ya daina cin harawa, wari ya fara tashi daga ƙafar. Maccido na ganin haka, ga shi kuwa yana son dokin nan, tun yana ɗan shekara biyu yake hannunsa.

Rana ta tara bayan sukuwar, da hantsi, mutanen Alhaji biyu na zaune a inuwar rumfa, aka ƙwanƙwasa ƙyaure. Yari ne, jakarsa a kafaɗa, ya tako da ƙafa tun daga Tozai.

"Ban zo don kai ba," ya ce wa Maccido a hankali. "Na ji ya kwanta. Bar ni in buɗe ƙafar in wanke. In aka yi yau zai iya tashi, in an kai jibi sai dai haƙuri."

Maccido ya san gaskiya ce. Ya kuma san abin da wuƙar Yari za ta tono daga cikin kofaton nan a gaban mutanen Alhaji: kwalta, baƙa ƙirin, wadda duk Illela an san Yari bai taɓa sa wa doki ba.

"Alhaji ya ce kar ka sake taka wurin nan," ya ce da ƙarfi don na rumfa su ji. "Makaho da kai, ba ka gaji da ɓarna ba?"

Ya tura ƙyaure ya sa sakata. Ranar Alhamis aka ɗaura wa Akawal igiya, tarakta ta ja gawarsa zuwa bayan gari. Alhaji ya yaba wa Maccido kan yadda ya yi jinyar dokin, ya aiko masa da sabo a madadinsa.