Jinin da Ya Ƙi Ƙodar Tela

A asibitin nan akwai wata likita da ake kira Malama A'a, a bayan idonta dai. Ɗakinta na ƙasan bene, kusa da wajen wankin zannuwa, firji huɗu a ciki sai ƙugi suke. Shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa tsaga cikin kowa ba. Aikinta ta haɗa jinin mai ba da ƙoda da na mai karɓa a ɗan faranti, ta ga ko za su zauna lafiya. In ta ce e, masu tiyata su sha godiya. In ta ce a'a, ita ke shan tsinuwa. Marigayi mijinta ma cewa yake ita kaɗai ya sani da ta yi dogon karatu don ta koyi hana mutane.

To, sai ga wani tela ya kawo matarsa. Shekara uku tana wankin ƙoda, duk ta zabge, zobenta ma sai da aka naɗa masa zare. Ya ce a cire tasa a sa mata. Malama ta gwada sau biyu, jinin matar ya far wa na mijin kamar ya ga ɓarawo. Ta rubuta a'a.

Bayan kwana biyu telan ya sauko ɗakinta da kansa, abin da ba a saba yi ba, da yayarsa a gaba. Yayar irin matan nan ne da labari ba ya kwana a bakinsu. Ta riga ta zaga dangi da cewa likita ta tabbatar matar ƙaninta ba ta taɓa sonsa ba, tunda har jininta ya ƙi shi. Matar kuwa ta ji, ta juya wa bango fuska, ta ce ba za ta sake zuwa wankin ba.

Telan ya tsaya yana murza hularsa. "Likita, ki faɗa mini gaskiya. Ƙina take yi?"

Malama ta tambaye shi 'ya'ya nawa ta haifa masa. Ya ce shida, da ɓari ɗaya. Ta ce ai shi ke nan, duk cikin da mace ta ɗauka rabinsa na uban ne, jikinta kan haddace shi, in ya sake ganinsa ya tare ƙofa.

"Sau bakwai ta ɗauke ka a cikinta, malam. Na takwas ɗin ne jikin ya gaza."

Yayar ta ce ita fa dama ba da wata manufa ta faɗa ba. Babu wanda ya kalle ta.

Amma bayani ba ya wanke jini, Malama ta san haka. Tana da akwatin da take tara katin duk wanda ta taɓa hanawa, abokan aikinta har dariya suke mata a kansa. Mako guda ta yi tana bin katunan, gilashinta a kan hanci, har ta tsinci wani direba da ta hana ya ba matarsa ƙodarsa bara. Ta gwada. Jinin direban ya zauna da na matar tela, na telan ya zauna da na matar direba.

Da ta tara su ta ce a yi musaya, direban ya ɓata rai, wai yaya za a sa ƙodarsa a cikin matar wani. Matarsa ta ce masa shekara ashirin yana ɗaukar matan mutane a mota bai taɓa jin kunya ba, ya sa hannu kawai. Ya sa.

Rana ɗaya aka yi tiyatar su huɗu. Da Malama ta hau sama dubiya, ta tarar telan ya lallaɓo gadon matarsa dafe da ɗinkinsa, yana tambayar ko ƙodar baƙon na damunta. Matar ta ce tunda aka sa mata ƙodar ba ta yi mata gardama ko sau ɗaya ba, ya kamata ya zauna kusa ya koyi hali.