Ƙa'ida Ba Ta Ambaci Hannu Ba

...to amma ai hannu hannu ne. Mutum nawa ne a duniya ke da tabon ƙuna a bayan hannu? Ta sake mayar da bidiyon baya. Ɗakin kwamfuta na sashen sadarwa, fanka sai ƙara take ba iska, zafin rana ya kori kowa sai ita. Gobe za ta kare binciken digirinta na biyu, kan yadda bidiyon dukan taron dangi ke yaɗuwa a wayoyi. Farfesa ya ce ki rage gudunsa, ki bi shi hoto-hoto, ki rubuta abin da idonki ya gani kawai — sannan ki dusashe kowace fuska, ƙa'idar bincike ce.

To ga abin da idonta ke gani. Mutum a ƙasa, bakin kwata. An ce waya ya sata... an ce. Gora ta sauka a haƙarƙarinsa, ya naɗe, ya wage baki. Tuntuni ta kashe sautin amma wallahi tana jin sa. Takalmi a kan wuya. Wancan farin abin da ya faɗi, haƙori ne? Sai hannun ya shigo daga gefe, riƙe da rabin bulo.

Tabon dutsen guga ne. Tana 'yar mitsitsiya ta jawo wayarsa, yana sulmiyowa kanta Yaya ya tare da hannu, ƙaurin fata ya cika ɗakin, shi da ya ƙone shi ke rarrashinta — yi shiru Auta, ba abin da ya same ni, yi shiru...

Kada ki danna. Ta danna. Bulo ya yi sama. Kafaɗa, riga mai ratsin kore. Rigar da ya duƙa ya wanke da kansa ranar nan, mutumin da ko safarsa ba ya wankewa, har ita da Umma suna tsokanarsa, Yaya ko an yi budurwa ne? Innalillahi. Ya ci abinci ranar. Har ƙari ya yi!

Bulo ya sauka. Kan mutumin ya yi wani irin lotsawa — ƙafarsa tana shure-shure, tana shure-shure, ta daina. Daidai nan ta rubuta a babi na huɗu cewa shi ne wurin da mutane suka fi yankowa su tura wa juna. Farfesa har layi ya ja a ƙasa, ya rubuta madalla. "Mahalarta", haka ta kira su. Yaya mahalarci ne? Shi da ke kawo ta a babur kullum, yana danna ham yana ihun a ba Dakta hanya? Tana son ta shaƙe shi. Tana son ta faɗa jikinsa ta yi kuka.

Mutumin nan fa yana da uwa. Mai shagon da ya ɗauki bidiyon ya ce kullum tana zaune a ƙofar ofishin 'yan sanda, ko an gane ko da mutum ɗaya. Wanda ke yawo a wayoyi ya dagule, ba a gane kowa. Na asalin kuwa, tar da shi, mai shago ya tura mata ya goge nasa don tsoro. Ita kaɗai ke da shi. Har alfahari ta yi da hakan a gaban 'yan ajinsu, kaico...

Wayarta tana rawa a kan tebur. Shi ne. "Auta, ina bakin get, ki fito mana."

A hoto na gaba Yaya ya ɗago kai. Bakinsa a buɗe, jijiyar wuya ta tashi, dariya yake ko ihu? Ta ja da'ira a kan fuskar. Ta danna. Yaya ya zama hazo. Ƙa'ida ce ai, ba ita ta ƙirƙiro ba, ko Farfesa ne haka zai yi, ko wace ce...

Saura hannun. Ƙa'ida ba ta ambaci hannu ba. Kibiyar kwamfuta tana tsaye a kan tabon, yatsanta ya ƙi motsi, a waje ham ɗin babur ya ƙi yin shiru — kuma idan ta fita, a bayansa za ta zauna, ta riƙe rigarsa, tana kallon hannun nan har gida.