Ƙarfe Ne Ya Soke Shi

Matar Dogo tana cikin ɗaure masa cinya da ɗankwalinta, sai ya kama hannunta.

"Ki ce musu ƙarfe ne ya soke ni. Kin ji ko? Ƙarfe."

"Baban yara, wandonka duk ya jiƙe."

"Zai tsaya. Yau na fara jin ciwo a shagon nan?"

Dogo mai walda ne. Tun da ɓarayi suka tare shi a hanya, suka fasa masa baki suka tafi da babur ɗinsa, ya sayi 'yar ƙaramar bindiga a wajen mai kawo masa tsofaffin ƙarafa. Ba takarda, ba izini. Matarsa ta yi magana har ta gaji. Ya ce ba harbi zai yi ba, nunawa kawai zai yi su gudu.

Ranar ta kawo masa abincin rana, ta same shi a bayan shago yana son cire harsashi ya shafa wa bindigar mai. Harsashin ya ƙi fita, kuma ba abin da ake kai wa wani gyara ba ne. Sai ya yi wa bindigar abin da yake yi wa kowane ƙarfe mai taurin kai. Ya ɗora ta a cinya, ya ɗauko ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa. Sai bindigar ta tashi. Layin masu walda ne, kowa dukan ƙarfe yake yi. Ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba.

Matar ta tura bindigar ƙarƙashin tarin ƙarafa, ta tare tasi.

Asibitin a cike yake, an kawo mutanen da motarsu ta kife. Ga ɗan sanda zaune a bakin ƙofa yana danna waya. Nas ta kwance ɗankwalin ta duba. Ramin ɗan ƙarami ne, kan yatsa ma ba zai shiga ba.

"Me ya same shi?"

Matar ta kalli Dogo. Dogo ya kalli ɗan sandan.

"Ƙarfe ne ya soke shi."

"Ku masu walda ba kwa jin magana," in ji nas. Ta naɗa masa bandeji, ta yi masa allura, ta nuna benci. "Ku jira, akwai waɗanda suka fi shi."

Suka zauna. Da farko har tsokanarta yake yi, wai ta baro kwanon abinci a buɗe, kuliyar maƙwabci ta gode. Can ya daina. Cinyar ta kumbura ta yi tauri kamar an hura ta. Ya ce yana jin sanyi, ga gumi na zuba a goshinsa.

"Bari in faɗa musu gaskiya."

"Ki faɗa su sa mini ankwa a kan gado? Daga nan sai gidan yari. Yara su ci me?"

"In ka mutu fa, su ci me?"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Zauna."

Ta zauna. Duk zamansu ba ta taɓa tona masa asiri ba, ko a wajen mahaifiyarta. Ta miƙe, ta je har gaban teburin nas, sai ta ji bakinta na tambayar inda ake samun ruwan sha. Ta dawo da ruwan. Ya kurɓa, ya jingina kansa a kafaɗarta, ya yi nauyi.

"Baban yara? Dogo!"

Bai amsa ba.

Ta miƙe tsakiyar mutane ta ƙwala ihu. "Harsashi ne! Wallahi harsashi ne a ciki!"

Nan da nan aka gungura gado, aka shige da shi. Ashe da ma akwai gado. Ashe akwai likita kusa.

Da likitan ya fito, bai yi mata faɗa ba. Ya ce babbar jijiya ce ta fashe, jinin a ciki yake ta zuba. Ya ce da sun sani tun isowarsu, da ba benci za a ba shi ba. Ya ce ta yi haƙuri, rai ya yi halinsa.

Ɗan sandan ya taso ya tsaya kusa da ita, ya cire hularsa.

"Baiwar Allah, bindigar ta wa ce?"

"Tasa ce."

"Shi ya harbi kansa?"

"Gyara yake yi."

Ya tambayi inda take, ta gaya masa. Ya ce za su je su ɗauka. Ta miƙa masa hannuwanta biyu, don ta ɗauka ita ma tafiya za a yi da ita. Ya dube su, ya girgiza kai.

"Sauke hannunki. Ai yanzu ba wanda za a kama. Je ki gida wajen yara."